Injin gas na aikin ƙarfi: yadda za ka zaɓe shi, ka girka shi, ka riƙe shi ya daɗe

Ka ɗauki buhun shinkafa guda da aka noma a fadamar Argungu ko ta Suru, ka bi sawunsa har kasuwar Legas, ka ƙirga sau nawa man gas ya yi masa aiki. Tarakta ce ta yi haro. In gonar mai faɗi ce, injin gas ne ya ɗago ruwa daga gulbi. Shi ne a jikin injin sussuka, shi ne a motar da ta kwaso shanshera zuwa gari, shi ne ke juya injin casa, ko kuma yana cikin janaretan da ke riƙe masana'anta idan wutar Nepa ta tafi. Tirelar da ta ɗauki buhun ta bi ta Jega da Yauri ta miƙe Kontagora, gas take sha. Titin da ta taka, katafila da gireda da rola ne suka shimfiɗa shi. Hatta wayar da dillali ya yanke ciniki da ita, ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauki muryarsa sau da yawa janaretan gas ne a gindinsa. Asibiti, gidan ruwa, motar haƙa rijiyar burtsatse, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, manyan jiragen ruwan da ke sauke kaya a Apapa, duk inji iri ɗaya ne a asali, girma ne ya raba su. Idan na ce gas a nan, dizal nake nufi, kamar yadda direbobi da masu injin niƙa ke kiransa, ba iskar gas ta girki ba.

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, harkar shinkafa ta buɗe a jihar nan. Ga masana'antar casar shinkafa ta Labana a Birnin Kebbi, ga ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ƙananan injinan casa birjik a garuruwa. Mutane da yawa da ba su taɓa riƙe sifana ba suka wayi gari da inji mai tsada a hannunsu. Ina cikinsu. Injina na farko bai cika shekara biyu ba ya buga. Da muka kai shi wurin wani dattijon bakanike a Jega, ya kwance shi, ya shafa cikin silinda da yatsa, ya dube ni ya ce, “Ɗana, injin ga ba aiki ya kashe shi ba. Ƙura ka ba shi ya ci, ruwa ka ba shi ya sha.” Matakan da ke ƙasa, daga wannan asarar na fara koyonsu.

Ka fara sanin abin da ke faruwa a cikinsa

Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska zalla a cikin silinda, ya mayar da ita kashi ɗaya cikin 16 ko cikin 20 na girmanta, har ta ɗauki zafin da ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul ke fesa mai kamar hazo, man ya kama da kansa. Bajamushen nan Rudolf Diesel ne ya fito da dabarar, injinsa ya yi aiki sosai a 1897, har yau kuma tushen bai canza ba.

Wannan matsi mai yawa shi ya sa ake ƙera shi da kauri da nauyi, shi ya sa yake da ƙarfin murɗawa ko da yana juyi a hankali, kuma shi ya sa yake fitar da aiki daga lita ɗaya fiye da injin fetur. Amma a nan ne lagonsa yake. Injin da ya dogara da matsi, idan ƙura ta goge ringi da bangon silinda, matsi ya tafi. Nozul da famfon mai kuwa, tazarar da ke tsakanin ƙarafunansu ba ta kai kaurin gashin kai ba, man ne kansa ke yi musu aikin maiko, don haka ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ɓarna ce.

Mataki na farko: aikin ya kai a saya masa injin gas?

Ba kowane aiki ya kai ba. Mai kadada ɗaya ko biyu a fadama, da rijiyar tiyo da famfo mai inci 2 ko 3, ƙaramin injin fetur ko famfon sola ya ishe shi. Injin gas ya fi tsada a saye, kayan gyaransa sun fi tsada, man kuma an daɗe da cire masa tallafi tun kafin a cire na fetur a watan Mayu 2023. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne aiki mai nauyi na awoyi masu yawa: casa daga safe zuwa dare, ban ruwan kadada goma ko ashirin da ƙungiyar manoma ta haɗa, janaretan masana'anta, tarakta, jigila. Ka rubuta awa nawa zai yi a rana, kwana nawa a shekara. In wata uku zai yi aiki ya kwanta wata tara, ka nemo masa aiki na biyu tun kafin ka saya. Na ga waɗanda ke ban ruwa da injinsu da rani, da damina su ɗora shi kan niƙa, kuma dabara ce mai kyau.

Mataki na biyu: lissafin ƙarfi

A nan aka fi yin kuskure, kuma ta fuska biyu. Wani ya sayi ƙarami don sauƙin kuɗi, ya yi ta danna shi yana baƙin hayaƙi. Wani ya sayi babba don kada a raina shi, injin ya yi ta juyi ba kaya. Na biyun ma cuta ce. Injin gas da ke yini a ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone mai tas, sai ka ga baƙin maiko yana tsiyaya daga bakin salansa, gawayi yana taruwa a nozul da bawul. Inda ya fi jin daɗi shi ne tsakanin kashi 60 zuwa 80.

Ka riƙe wannan: doki ɗaya kusan kilowat 0.75 ne.

Ga mai ban ruwa, abu biyu za ka auna: lita nawa kake so a daƙiƙa, kuma tsayin mita nawa ruwan zai hau, har da abin da doguwar tiyo da lanƙwasa ke ci. Ka ninka su, ka ninka da 9.8, ka raba da 1,000, ka sami kilowat. Misali lita 30 a daƙiƙa, tsayin mita 10, ya ba ka kusan kilowat 3. Famfo da bel suna cinye kusan rabi, don haka kana bukatar kilowat 6, wato doki 8. Ka ƙara sarari ka sayi mai doki 10 ko 12. Sannan ka sani, famfon da ke zaune a sama ba ya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 6 zuwa 7, ko da wane irin inji ka haɗa shi. Idan gulbi ya ja baya a watan Maris da Afrilu, famfon za ka sassauto kusa da ruwa. Ƙara wuta ba ya magani. In ka ji famfo yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a ciki, zuƙar ta yi masa nisa ke nan, yana cin kansa.

Ga mai janareta, ka bi kowace mota ta lantarki, wato injin lantarkin da ke juya na'ura, ka karanta farantin da ke jikinta. A ce injin casa kilowat 30, na gogewa 11, na tsince tsakuwa da fanka 7.5, fitilu da sauran tarkace 2. Jimla kusan 50. Janareta da kVA ake sayar da shi, kuma kVA 100 kilowat 80 yake bayarwa, don haka ka raba 50 da 0.8, ka sami kusan kVA 63. Kada ka tsaya nan. Motar lantarki idan za ta tashi kai tsaye tana jan wuta kusan ninki shida na abin da take ja in ta daidaita, ga kuma sararin da muka ce a bari. Mai kVA 100 ne ya dace da wannan wurin, kuma kullum babbar mota ake fara tayarwa, ƙanana su biyo baya. Wajen mai, ka ƙiyasta kwatan lita zuwa lita 0.3 a kan kowane kilowat a awa. Kayan kilowat 50 za su sha lita 13 zuwa 15 a awa. Ka ninka da awoyinka da farashin lita na yau, ka raba da yawan buhunan da kake casawa. In kuɗin casar buhu bai rufe wannan da ladan yara da ajiyar gyara ba, ka gyara lissafi tun kuɗinka na aljihu.

Wani abu da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba: ƙarfin da aka rubuta a jikin inji, yawanci a yanayin digiri 25 aka auna shi. Bazarar Kebbi tana haura 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka injin ba zai ba ka duk abin da aka rubuta ba.

Mataki na uku: wane iri, kuma a hannun wa

Akwai masu silinda ɗaya ƴan Chana, irin su S195 mai doki 12 da ZS1115 mai doki 20 da ɗoriya, waɗanda suka cika wuraren niƙa da casa. Suna da araha, kayansu na ko'ina, kowane bakanike ya san cikinsu, sai dai ba su da juriyar tsohon Lister na Ingila, wanda ke juyi a hankali ya shekara da shekaru yana aiki. Akwai masu silinda 3, 4 ko 6 irin Perkins, Cummins, Deutz da Caterpillar, na janareta da tarakta da motocin gini. Massey Ferguson 375 da muka saba gani a gonaki, injin Perkins mai silinda 4 ne a cikinta, doki 75. Sai na manyan motoci, daga tsohuwar Mercedes 911 zuwa DAF, MAN, Mack da Howo.

Rabuwar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce tsakanin mai famfon mai na gargajiya da na zamani mai kwamfuta. Na zamani ya fi tsimin mai, ya fi rashin hayaƙi, amma yana fesa mai da matsin da kan kai bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne), ba ya yafe gurɓataccen mai ko kaɗan, kuma in ya tsaya sai an jona masa na'ura kafin a san ciwonsa. In aikinka a Kamba ne ko Bagudo ko cikin ƙauyukan Zuru, ka tambayi kanka wa zai duba shi, kuma kwana nawa za ka jira kaya daga Kano ko Legas alhali shinkafa na neman ruwa. Ni dai shawarata, ka fara samun bakanike da shagon kayan gyara, sannan ka sayi irin injin da suka sani.

In na hannu za ka saya, ka je da bakanikenka, ba wanda mai kaya ya kawo ba, kuma ka je da sassafe. Ka dafa injin ka tabbatar da sanyi yake, domin injin da matsinsa ya mutu yakan tashi lafiya in an riga an ɗumama shi. Ka zaro sandar gwajin baƙin mai. In ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga. Ka buɗe lagireto tun yana sanyi, in maiko na yawo a kan ruwan, ko kumfa na tasowa bayan an tayar, gaskit ko kan silinda ya samu matsala. Yana aiki, ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai: ɗan huci ba komai, amma in yana bulbulo hayaƙi kamar tukunya, ringi sun gama. Kada ka yarda da gwajin da ba kaya. A ɗora masa nauyi na aƙalla rabin awa kana kallon zafi da matsin baƙin mai. Sabon fenti ba shaida ba ne.

Ga masu sayen injin niƙa na hannu, musamman ta ɓangaren Zamfara, ka binciki abin da aka niƙa da shi. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, daga niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje da unguwanni ta fito. Kan niƙan da ya taɓa cin dutsen ma'adini kada ya kusanci hatsi.

Mataki na huɗu: girkawa

Ka zuba dakalin kankare mai nauyi, wanda ya fi injin nauyi, a dasa ƙusoshin ɗauri a ciki, a bar shi ya bushe sosai kafin a ɗora. Injin da ke rawa a kan katako yana tsinka bututun mai, yana kwance noti, yana cin bel. Fulin inji da na abin da zai juya su zama a layi ɗaya, ka gwada da zare. Girman fuli kuma lissafi ne: inji mai juyi 2,000 a minti da fuli mai inci 5, in abin da zai juya 1,000 yake so, fuli mai inci 10 za ka sa masa. Bel kada ya yi tauri kamar tsirkiya, kada ya yi sako-sako, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya ɗan nutsa. Janareta kuwa juyinsa 1,500 ne a minti don ya ba da irin wutar ƙasar nan, kada wani ya rage masa wuta da sunan tsimin mai, motocinka ne za su ƙone.

Yanzu ga inda na kashe nawa injin. Na girka shi a ɗaki ɗaya da injin casa, bakin shan iskarsa yana kallon inda ɓuntu ke fita. Ɓuntun shinkafa yana da kaifi kamar yashi, shi ya sa yake cinye ƙarfen injin casa ma. Wata da watanni injina yana shaƙar wannan ƙura. Ka raba su da bango, bel ko shaf kawai ya ratsa. Ka duba ta inda iska ta fi kaɗowa, musamman ta hunturu da ke zuwa daga arewa maso gabas, ka sa injin a inda ƙurar casa ba za ta biyo ta kansa ba. Ɗakin ya sami babbar kafar shigar iska da wata ta fitar zafi a gaban lagireto. Salansa a fitar da ita waje, sama da kan mutane, nesa da tarin ɓuntu da buhuna, a lanƙwasa bakinta don kada ruwan sama ya shiga.

Mataki na biyar: mai

Ka sayi gas a inda ka sani, ka riƙe wuri ɗaya. Mai arha na bakin hanya yakan zo da kananzir ko ruwa ko dattin tanki. Kananzir ba shi da maikon da famfo ke bukata, injin zai yi ta aiki kamar lafiya, bayan wata biyu famfo ya mutu. Na taɓa sayen jarka huɗu a hannun wani mai bumburutu saboda sauƙin ƴan nairori, kuɗin nozul da gyaran famfo ya ninka abin da na rage sau da yawa.

Gwaji mai sauƙi: ka zuba a farar kwalba mai tsabta, ka ajiye ta kwana. Mai nagari garau yake. In ka ga ya yi gizo-gizo, ko wani layi ya kwanta a ƙasa, ruwa ne, domin ruwa ya fi gas nauyi. Duro kuma ka kwantar da shi a inuwa, ka ɗan karkata shi, ka bar shi ya kwana ɗaya ko biyu kafin ka ɗiba, kuma kada tiyo ta taɓa gindinsa. Mazurari da jarka su zama na gas kaɗai, a rufe. Ka cika tankin inji da yamma bayan an tashi aiki, saboda tankin da ba mai yana yin raɓa a ciki idan dare ya yi sanyi. In injinka bai zo da filta mai raba ruwa da mai ba, wadda ke da ɗan kofin gilashi a ƙasa, ka saya ka ƙara. A duk kayan da ke jikin injina babu wanda ya biya kuɗinsa kamarta.

Kada ka bari mai ya ƙare ƙarƙaf. In ya ƙare iska ta shiga layi, sai an fitar da ita: ka cika tanki, ka sassauta notin fitar iska a kan filta, ka yi ta danna ɗan famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, ka ɗaure, ka yi haka a kan famfon mai. A injin gargajiya, in ya ƙi tashi, a sassauta bututun nozul kaɗan a juya inji har mai ya tsarto. A injin zamani mai kwamfuta kada a kuskura a yi wannan. Kuma ko a wane iri, kada ka nemi yoyon bututun nozul da yatsa. Man da ke fita da wannan matsi yana huda fata, raunin ya yi kamar ba komai, alhali yana iya kai wa ga yanke yatsa. In ya faru, asibiti nan take.

Mataki na shida: al'adar kowace rana

Minti goma ne kafin a tayar. Baƙin mai yana tsakanin layi biyu na sanda? Ruwa ya cika? A tsiyaye ruwan da ya taru a kofin filta. A duba bel, a duba ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare, a kakkaɓe ɓuntu da ƙura daga fuskar lagireto. Ƴan Chana masu tukunyar ruwa a ka suna ƙafe ruwa yayin aiki, sai an riƙa ƙarawa, kuma ruwa mai tsabta, ba na gulbi mai laka ba.

In na hannu ne, ka ɗaga ɗan marikin sauke matsi, ka kama hannun juyawa da babban yatsanka a gefe ɗaya da sauran yatsu, don in ya mayar kada ya karya shi. In na makulli ne, kada ka riƙe fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, ka huta kafin ka sake. Da sanyin hunturu wasu kan fesa fetur a bakin iska don ya tashi da wuri. Wannan yana fasa ringi. Ya tashi, ka ba shi minti uku zuwa biyar kafin ka ɗora kaya. Haka in za a kashe: a sauke kaya, a bar shi ya yi minti uku zuwa biyar, musamman mai tabo (turbo, fankar da ke cusa wa inji ƙarin iska), domin tabo na juyi da tsananin gudu da zafi, in ka kashe kai tsaye baƙin mai ya daina zuwa alhali tana ci gaba da juyi. Direbobin tirela da ke tsayawa cin abinci bayan doguwar tafiya, wannan naku ne.

Yaron da ke kula da inji ka zaunar da shi ka koya masa da kanka, kuma ka ba shi izinin kashewa in ya ga abin da bai gane ba. Da yawa suna ganin allurar zafi ta hau su yi shiru don tsoron faɗan maigida.

Mataki na bakwai: juye da sabis

Da awa ake lissafi, ba da wata ba. In babu agogon awa a jiki, ka ajiye littafi. Sabon inji ko wanda aka buɗe aka yi wa ringi, juyen farko a awa 50. Bayan nan manyan injina yawanci kowace awa 250, ƙananan masu silinda ɗaya kowace awa 100, sai in littafin injin ya faɗi wani abu daban. A ƙurarmu da zafinmu gara ka rage da ka ƙara. Baƙin mai na injin gas za ka saya, 15W-40 mai alamar CH-4 ko CI-4 a jikin galan, a rufe da hatiminsa, ba na awo ba. A juye yana da ɗumi, a canza filta tare. Baƙin man injin gas yana yin baƙi da wuri, wannan ba ya nufin ya mutu, haka kuma kaurinsa a yatsa ba ya nufin yana da rai.

Filtar iska ita ce ran injin a ƙasar nan. Ta takarda kada a buga ta a jikin taya ko bango, kada a wanke ta. A hura ta daga ciki zuwa waje da iska marar ƙarfi, a haska tocila a ciki, in haske ya fito ta wani rami ko yaya ƙanƙantarsa, a jefar. Mai kwanon mai a ƙasa kuwa, a wanke kwanon a zuba sabon mai zuwa layi, lokacin casa ko hazo kusan kullum. Ka bi robar da ta haɗa filta da inji ka tabbatar ba tsaga. Kada a tayar da inji ba filta, ko na minti biyar ne.

Akwai al'adar cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗumama, da zarar inji ya fara zafi. Ban yarda da ita ba. Zafi yana da dalili: lagireto ya toshe, fanbel ya saki, famfon ruwa ya gaji, ko kaya sun yi yawa. In ka cire tamostat ka ɓoye ciwon ne, a wasu injinan ma ruwan sai ya riƙa zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto yadda ya kamata ba. Ka sa ruwan lagireto na kanti mai hana tsatsa. Setin bawul da gwajin nozul kuma a yi su a kan lokacin da littafi ya ce, a wurin mai na'urar gwaji.

Mataki na takwas: karanta hayaƙi

Baƙin hayaƙi, mai ya fi iska yawa. Ka fara da filtar iska, sannan nauyin kaya, sannan nozul. Shuɗi, baƙin mai yake ƙonewa, ko ringi ko tabo, ko kuma an cika shi ya wuce layi. Fari da safe wanda ke ɓacewa in ya ɗumama ba komai. Fari da ya ƙi tafiya, in yana warin gas yana sa hawaye, man ne ba ya ƙonewa, in kuma ruwan lagireto na raguwa, gaskit ne. Fitilar baƙin mai ta kama, ko ka ji sabon bugu mai nauyi daga ƙasa, ka kashe a take. Minti ɗaya a nan shi ne bambancin canza metal, wato ƙarafunan da karanshaf ke juyi a cikinsu, da sayen karanshaf ɗin kansa.

Wani lokaci, ba kasafai ba, inji kan fara shan baƙin mansa ya yi ta hawa da gudu, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa. Iska za ka toshe masa, da faffaɗan katako a bakin shan iska, ba da tafin hannu ko tsumma ba. Ka tanadi katakon a kusa tun yau.

Rayukan da ke kewaye da shi

Wurin niƙa mata da yara ne suka fi zuwa. Bel da fuli a yi musu keji na ƙarfe, domin hijabi, gyale, babbar riga ko rawani, in bel ya kama ba ya saki. Lagireto mai zafi ba a buɗe shi. Ba a kwana ɗaki ɗaya da inji mai aiki, kuma hayaƙin ba abin rainawa ba ne ko a fili: a 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo kansar huhu. Janareta a haɗa shi ta makunnin sauya layi, don kada wutarka ta koma kan layin Nepa ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya. Tsohon baƙin mai a tara a duro, kada a zubar a fadama ko bakin gulbi inda muke kamun kifi muke shayar da dabbobi.

In kaka ta wuce za a ajiye shi

Ka yi juye kafin ajiya, ba bayanta ba, saboda tsohon mai yana da tsami da ke cin metal. Ka tayar na ƴan mintuna sabon ya zagaya. Ka cika tanki, ka sassauta bel, ka cire batir ka fara da wayar ƙasa, wato ta negatif, ka ajiye shi a inuwa kana yi masa caji duk wata. Ka ɗaure bakin salansa da na iska da leda saboda zanzaro da ɓera, ka rataya wata alama a kan makulli da za ta tuna maka ka cire ledar. Injin ban ruwa kuwa ka ɗauke shi daga fadama tun kafin ruwan Agusta, domin Rima da Kwara in suka cika ba sa sallama. In ruwa ya riga ka ya shanye shi, kada ka gwada tayarwa. Ruwa ba ya matsuwa, juyi ɗaya zai lanƙwasa sandar fistin. A cire nozul, a juya da hannu ruwan ya fita, a zubar da baƙin mai da gas duka, a canza filtoci, a sake juye bayan awa kaɗan na aiki.